Ƙwan Fitilar Jirgi da Aka Ba da Aro

Ladan bai sauke kiran assalatu ba muka bar Mutum Biyu, mu huɗu a cikin doguwar Fijo: direba, ni, yayana da muke kira Hamma, da matarsa. Na ce mu huɗu, amma Hamma bai san ana tafiyar ba. An kwantar da kujerun baya an shimfiɗa masa katifa, matarsa ta tallabe kansa a cinyarta don kada ya riƙa buguwa. Da yammacin ranar da ta gabata ne ya hau rufin shagon da yake tara shinkafa zai danne kwanon da iska ta ɗaga, santsi ya kwashe shi, ya faɗo ta ka a kan siminti. Da kansa ya miƙe, har yana yi wa masu salati dariya. Ya ci tuwo, ya ce kansa na sarawa, ya kwanta, daga nan bai ƙara yin magana mai kan gado ba. Ku da kuke ta tambayata yadda aka yi, na gaji da maimaitawa a bakin zaure, shi ya sa na zauna na rubuta sau ɗaya.

Damina ta yi nisa, hanyar Jalingo kuwa kun san halinta. Kowane rami ya cika da ruwa, ba ka sanin zurfinsa sai ka faɗa. Direban nan da kullum ake yi masa tsiya wai da aljanu yake tsere, ranar tafiya yake kamar ya ɗauko tiren ƙwai. Duk da haka in taya ta daki rami sai Hamma ya yi wani nishi daga can cikin ƙirji, matarsa ta ce a yi a hankali, direba ya ce to, ni kuma in rasa wanda zan ba haƙuri. Gidajen mai duk an ja musu sarƙa, sai 'yan bumburutu jere da galan a bakin titi. Da muka tsaya, direba ya ɗiga man a tafin hannunsa ya shinshina don ya ji ko an sirka da kananzir. Kuɗin da aka faɗa masa ya sa ya kama baki, amma ya biya, don ba ranar ciniki ba ce.

Gari ya waye mana kafin Sunkani. Gonakin masara sun yi kore shar, mata sun fito da sabuwar doya da dafaffiyar gyaɗa, hayaƙin gasasshiyar masara yana shigowa ta taga. Ban karya ba, amma ko yawu ban haɗiya ba. A wani shinge mai kaki ya leƙo da niyyar abin da aka saba, ya ga fuskar Hamma, ya ja da baya ya ɗaga mana katako da kansa yana cewa Allah ya sawwaƙe. Tunda nake bin hanyar nan ban taɓa wuce shinge da sauri haka ba, kuma hakan bai faranta mini rai ba, don na gane abin da ya gani.

Jalingo ta canza tun da ta zama babban birnin jiha. Gidajen haya sun koma ofisoshi, ma'aikatan da aka kwaso daga Yola sun cika gari suna kukan tsadar ɗaki, 'yan acaba kuwa ko'ina ka juya. Muka nufi wani ƙaramin asibitin kuɗi a unguwar Sarkin Dawaki, inda wani ɗan'uwanmu ya san likitan. Likitan matashi ne, ba mai yawan magana ba. Ya ɗaga fatar idon Hamma ya haska da tocila, ya sake haskawa, sannan ya ja ni waje. Ya ce jini ne ke taruwa a cikin ƙoƙon kai yana danne ƙwaƙwalwa, maganinsa a buɗe a cire, kuma babu mai wannan aikin kusa sai Jos. Na ce to mu kama hanya. Ya girgiza kai, ya ce tafiyar wuni guda ce cur a mota, kuma jijjigar hanya za ta ƙarasa shi kafin mu yi rabi. Ya ƙara da cewa in aka kai gobe ba a yi aikin ba, kada in sa rai.

Wata nas ce ta tuna cewa ƙaramin jirgin mishan da ke kai likitoci da magani tsaunin Mambila zai sauka ranar ya sha mai kafin ya wuce Jos. Likita ya hau babur da kansa ya je ofishinsu, aka yi magana da matuƙin ta oba-oba, ya yarda zai ɗauki majinyaci da mutum ɗaya. Ban taɓa shiga jirgi ba, kuma na sha rantsewa ba zan shiga ba, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Aka ce mu je fili mu jira, zai iso wajen azahar.

Filin jirgin yana bayan gari. Wanda ya saba jin labarin na Kano zai yi dariya: doguwar shimfiɗa ce ciyawa ta ci gefenta, da rumfar kwano guda mai kwaɗo inda ake ajiye duron mai, da wani ƙyalle a kan sanda mai kama da ƙafar wando da ke nuna inda iska ta dosa. Maigadin wurin dattijo ne Bamumuye, da ɗan gicciye a wuyansa da tsohuwar rigar sanyi ta soja. Ina so ku riƙe wannan kafin ku ji sauran: mutumin nan ya yi mana alheri. Ya buɗe mana inuwar rumfa, ya ba matar Hamma tabarmarsa, ya aika gida aka kawo mana kunun gyaɗa mai ɗumi a kwano, ya tsaya a kaina sai da na sha. Duk bayan ɗan lokaci sai ya ɗauki sanda ya je ya kori shanun da ke shigowa filin, suna cacar baki da makiyayin da Fulatancin da bai kai ya kawo ba.

Azahar ta yi, ta wuce. Muka yi la'asar a kan ciyawa. Numfashin Hamma ya koma minshari mai nauyi, ƙarin ruwan asibiti da aka rataya masa a jikin ƙofar mota yana ɗiga a hankali. Ni dai wuyana ya ƙage da kallon sama. Sai da rana ta karkata sosai muka ji ƙugi daga kudu, jirgin ya zagayo sau ɗaya ya sauka yana tsalle a kan ciyawa. Ashe ɗan mitsitsi ne, da farfela guda a hanci, bai fi motar da muka zo da ita girma ba in ka cire fukafukai.

Matuƙin Bature ne mai furfura, a Jos ya girma, Hausarsa har ta fi ta maigadi tsayuwa. Ya ba mu haƙuri, ya ce gajimare ne ya rufe tsauni ya hana shi tashi. Ba ɓata lokaci ya cire kujera biyu, muka shigar da Hamma aka ɗaure shi da bel. Aka yanke ni zan bi su, matar ta biyo motar haya washegari. Bayan an zuba mai, sai ya shiga zagaya jirgin yana taɓa nan yana leƙa can, ni kuwa kamar in ce masa ya bar wannan shafe-shafen mu tafi. Daga ƙarshe ya shiga ya ce maigadi ya tsaya a gaba ya faɗa masa fitilar da ta kama. Ja ta bakin fiffiken hagu ta kama, koriya ta dama ta kama. Babbar da ke cikin fiffike, wadda ke haska ƙasa in za a sauka, ita ce ta ƙi.

Ya fito ya yi mini bayani ba tare da damuwa ba. Ya ce yadda rana ta yi, sai bayan magariba za mu isa Jos, kuma ba a sauka da duhu babu wannan fitilar. Ya kunna ta a cikin gajimaren tsauni don wani jirgi ya gan shi, a can ta ƙone. Amma ya ce kada in damu, ya san halinta, shi ya sa ya ajiye sabon ƙwai a rumfar nan tun watannin baya. Maigadi ya ruga ya ɗauko shi a cikin kwalinsa. Ƙwan faffaɗa ne kamar bakin ƙaramin kwano, gilashinsa na ƙyalli. Matuƙi ya kwance na da, ya ɗaura wannan, ya kunna. Haske ya fito fari fat, har da rana yana kashe ido. Na ji matar Hamma tana hamdala a bayana.

Na shiga na zauna kusa da kan Hamma. Da aka tayar da injin, komai na jirgin ya ɗauki rawa, har haƙorana. Muka gangara ƙarshen fili muka juyo, injin ya ƙara ƙara, na rufe ido ina karanta duk abin da ya zo bakina. Sai na ji ƙarar ta ragu. Da na buɗe ido, maigadi ne a tsakiyar fili yana ɗaga hannu biyu yana nuna fiffike. Fitilar ta mutu.

Matuƙi ya kashe injin, ya sake kwance ƙwan, ya ɗaga shi sama yana kallon cikinsa. Ya nuna mini: ta ciki gilashin ya yi dusu-dusu da baƙi kamar na fitilar ƙwai da ta kwana tana ci, siririyar wayar da ke tsakiya kuma ta tsinke tana lilo. Ya juya wajen maigadi, muryarsa a ƙasa.

"Baba, wannan ƙwan ya sha aiki. Wa ya kunna shi?"

Dattijon bai ɓoye komai ba, don bai san akwai abin ɓoyewa ba.

"Oga, aro ne kawai. Lokacin da mama na fasto ya mutu, babu wuta, mutane ya cika, an zo an roƙa. An sa shi a batir na mota, ya haska fili duka har safe. Na karɓa, na share shi da hannuna, na mayar a kwali. Ko tsaga babu."

Matuƙi ya tambaye shi ko sau ɗaya ne. Ya ce a'a. Da mutanen unguwa suka ga irin haskensa, duk gidan da aka yi rashi za a kwana ana waƙoƙi sai a zo. Musulmin unguwar ma sun ara da Mauludi, bai ga dalilin da zai ba wasu ya hana wasu ba. Kowa kuma ya dawo da shi lafiya, har da godiya.

"Ai ba a hana gidan makoki haske, Oga," in ji shi. "Kuma abu yana zaune a kwali, ba ya yin komai."

Matuƙin ya zauna a kan tayar jirgi ya dafe kai. Da ya ɗago, ni ya yi wa bayanin, ko da yake na san da dattijon yake. Ya ce wannan ba irin ƙwan ɗaki ba ne da ake shekara ana kunnawa. An yi shi ne ya ba da haske mai tsanani na ɗan lokaci, wayar cikinsa tana cin kanta tana sirancewa duk sa'ad da take ci. In ka haɗa dukan awoyin rayuwarsa da kyar su wuce kwana ɗaya da wuni, shi ya sa ba a kunna shi sai za a tashi ko za a sauka. A jikin jirgi ma sau da yawa ba ya kai haka, saboda rawar injin tana karya wayar tun tana da sauran ƙarfi. Wannan kuwa an riga an cinye kwanakinsa a gidajen makoki, saura ɗan abin da ya nuna mana, jijjigar farko ta ƙarasa shi. Daga waje ba za ka taɓa ganewa ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji kamar in shaƙe tsohon nan. Na faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa sa'an uba, ya tsaya yana kallona baki buɗe, sai a lokacin abin ya fara shigarsa. Amma ko a cikin fushin na san wani abu: da ni aka ba ajiyar, maƙwabci ya zo da gawa a gidansa yana roƙon haske, da na bayar. A wurinmu abin da aka ara aka dawo da shi ba tsaga ba ɓaraka, ai ya dawo. Turmi ake ara, tsani ake ara, ba wanda ya taɓa ce mana akwai kayan da ake dawo da jikinsa an bar ransa a can.

Aka tura direban motar mishan da ta zo tarbar jirgi cikin gari da mataccen ƙwan ya zagaya masu kayan mota da na tarakta ko za a dace. Muka zauna jira, rana tana sauka muna kallonta. A nan idona ya faɗa kan oba-obar da ke hannun matuƙi, da wani ɗan jan haske kamar ƙwayar gero a samanta. Don in kawar da shiru na tambaye shi shi wannan ba ya ƙonewa ne. Ya ce wannan wani iri ne da suke kira LED, ba shi da waya a ciki balle ta tsinke, ba ya zafi, jijjiga ba ta dame shi ba, rediyon zai tsufa ya mutu ya bar shi da ransa. Na ce to me ya hana a yi babbar fitilar da irinsa? Ya ce har yanzu ba a iya sa shi ya yi farin haske mai ƙarfin da zai nuna ƙasa ba, sai dai ja da kore na alama, amma yana jin wata rana za a kai can, a ɗaura wa jirgi fitila a manta da ita. Na dubi Hamma ta tagar jirgi. Wata rana ba ta da amfani a wurina, ni yau nake nema.

Direban ya dawo gab da magariba da fitilar mota guda biyu. Ɗaya ta fi ramin girma, ɗayar ba ta da inda za a ɗaure ta. Na durƙusa a gaban Baturen nan, abin da ban taɓa yi wa wani ba bayan mahaifina. Na ce ya tashi haka, Allah zai kai mu. Ya kama kafaɗuna ya ɗaga ni, idonsa ya yi ja.

"Malam, dubi yamma. Hadari ne a kan dutsen Jos, kuma babu farin wata. In na tashi da ku babu fitila, gawa uku za a kwasa, ba ɗaya ba. Da gari ya yi haske zan ɗauke ku, na yi maka alkawari."

Fitar da Hamma daga jirgin nan ya fi mini komai ciwo a tafiyar. Mun shigar da shi da sa rai, muka fito da shi kamar kayan da aka ƙi saya. Direbanmu ya riga ya juya gida tun da ya ga an rufe ƙofar jirgi, don haka motar mishan ce ta mayar da mu asibiti. Likita ya yi abin da zai iya, wanda shi kansa ya ce ba shi da yawa. Hamma ya cika ana kiran sallar asuba, hannunsa a cikin na matarsa, bai farfaɗo ya ce mana komai ba.

Matuƙin ya cika alkawari. Gabas na fara ja sai ga shi a ƙofar asibiti ya zo ɗaukarmu, likita ya tare shi a baranda. Ya cire hularsa ya yi mini ta'aziyya da kalmomin da muke yi wa juna. A bayansa maigadi ne, ya tako da ƙafa tun daga fili, ya ƙi shigowa, ya rakuɓe a jikin katanga. Da muka fito da makara ya matso kusa da ni.

"Ɗana, ni ne na kashe shi?"

Matar Hamma ce ta amsa daga cikin mayafinta.

"A'a, Baba. Kwanansa ne ya ƙare. Allah ya saka maka da kunun jiya."

Ita ta iya faɗa. Ni har yau ina ƙoƙarin kai zuciyata inda tata ta kai a wannan safiyar.

Muka ɗauki shatar a-kori-kura muka kamo hanyar gida. Muna fita gari jirgin ya wuce ta samanmu ya nufi yamma, da kujeru biyu a cire. Ramukan jiya suna nan, masu doya da masara suna nan, amma yanzu ba mai cewa direba ya yi a hankali. A bayan motar nan na yi ta juya abin a raina. Na yarda ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan ba na jayayya da shi. Amma na koyi cewa akwai ajiyar da amfaninta shi ne zamanta a kwali, kuma mai ba da ajiya, in ya san abin da ya sa ya ajiye, ya faɗa wa mai tsaro dalili, kada ya miƙa makulli kawai. Baturen ya san ƙwan bai san mu ba, dattijon ya san mu bai san ƙwan ba, dukansu kuma mutanen kirki ne. Hamma ne ya faɗa a tsakaninsu.

Mun shiga Mutum Biyu da hantsi. Abin da ban lissafa ba shi ne direbanmu na jiya ya riga mu isowa da albishir, ya gaya wa kowa da idonsa ya ga an sa Hamma a jirgi. Mahaifiyarmu, Dada, ta kwana tana godiya ga Allah, da safe har ta raba wa maƙwabta waina sadaka. Da ta ji tsayuwar mota ta fito zaure da sandarta, ta gan ni na sauko, fuskarta ta washe.

"Kai, jirgi da sauri yake! Har an yi aikin kun dawo?"

Na nufo ta. Ta kalle ni, ta kalli matar Hamma, sannan ta kalli bayan motar inda maza suka fara sauke abin da ke naɗe a tabarma. Sandar ce ta fara faɗuwa, na tare Dada kafin ta kai ƙasa.